Kamfanonin Wasan Bidiyo: Ba A Ba Kura Ajiyar Nama

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya faru a Amurka da Faransa, wanda na ga bai kamata ya wuce mu ba tare da mun tsinci wani abu a cikinsa ba. Maganar kuwa ita ce ta cin zarafi da danniya da aka bankaɗo a manyan kamfanonin da ke ƙera wasannin bidiyo, wato abin nan da yaranmu ke ce wa gem, wanda suke bugawa a wayar hannu da kwamfuta da shagunan PlayStation.

Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, manomi mai 'yar tireda da zancen kamfanonin Turawa? To ai wasan Candy Crush da na Call of Duty suna cikin wayoyin gidajenmu, kuma kamfani ɗaya ne ya mallake su, wato Activision Blizzard, wanda a shekarar 2021 kaɗai ya yi cinikin dala biliyan 8.8. Mu muna ganin wasa ne, su kuwa can sana'a ce mai dubban ma'aikata, akwai maigida akwai yaron gida, akwai mai ba da umarni akwai mai cewa to. Duk inda aka sami haka kuwa, maganar zalunci ta shafi kowa.

Abin da na lura da shi a cikin labaran kamfanoni uku da zan kawo shi ne, waɗanda aka cuta ba shiru suka yi ba tun farko. Sun kai kuka. Matsalar ita ce ofishin da aka tanada don karɓar kukan, a hannun wanda ake ƙara yake cin abinci. Ba a ga wani motsi na kirki ba sai da maganar ta fita daga cikin gida ta je hannun wanda kamfani ba ya biyansa albashi.

Bari in fara da Riot Games na birnin Los Angeles a Jihar Kaliforniya, masu wasan League of Legends. A watan Agusta na 2018 wata kafar labarai mai suna Kotaku ta fitar da dogon rahoto bayan ta zanta da mutum 28 daga cikin ma'aikatan kamfanin, na da da na lokacin. Abin da matan suka faɗa babu daɗin ji. Mace ta kawo shawara a taro a yi banza da ita, namiji ya maimaita ita wannan shawarar a hau yaba masa. A hana mace ƙarin girma wai don ba ta ƙware a buga wasa ba. Ga maganganun batsa, ga hotunan tsiraici da ake turo wa wasu ba su nema ba. A watan Nuwamba na wannan shekarar mata biyu suka kai ƙara kotu a madadin sauran.

Kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, amma ku ji irin horon da aka yi. Ɗaya daga cikin manyan shugabanninsa, Scott Gelb, wanda aka zarga da wasan banza na wulaƙanci da na ƙasa da shi, dakatar da shi aka yi na wata biyu ba albashi, daga nan ya koma kan kujerarsa. Da wasu matan suka sake kai ƙara, sai kamfanin ya ɗauko takardar da suka sa wa hannu ranar da aka ɗauke su aiki. A ciki akwai sharaɗin cewa duk rigimar da ta taso tsakanin ma'aikaci da kamfani ba za a je kotu ba, sai dai a zauna a ɗaki a rufe ƙofa da mai shiga tsakani, abin da aka yanke kuma ba kowa zai ji ba. Jama'a, wanda ke neman aiki ido rufe, yaushe zai tsaya karanta ƙananan rubutu? Wannan ne ya sa a watan Mayu na 2019 ma'aikata sama da 150 suka ajiye aiki suka fito fili suna zanga-zanga.

A ƙarshen 2019 kamfanin ya yarda zai biya matan dala miliyan 10 a kashe magana. Saura kaɗan a sa hannu sai hukumar Jihar Kaliforniya mai kula da adalci a wurin aiki ta ce ba ta yarda ba, domin a lissafinta haƙƙin matan zai iya haura dala miliyan 400. Aka koma aka yi ta ja, har sai a watan Disamba na 2021 aka daidaita a kan dala miliyan 100. Miliyan 80 aka ware wa mata fiye da 2,000, sauran na lauyoyi da kuɗin shari'a, kuma kamfanin ya amince wani na waje ya riƙa duba al'amuransa har shekara uku. Ninki goma ke nan na tayin farko. Duk wanda ya taɓa kai buhun hatsi kasuwa ya san bambancin ka sayar a zaure kai da dillali, da ka sayar a bainar jama'a inda kowa ke jin tayi.

Na biyu shi ne Activision Blizzard da na ambata. A ranar 20 ga Yuli, 2021, ita dai wannan hukuma ta Kaliforniya ta maka shi a kotu bayan binciken shekara biyu. Takardar ƙarar ta ce mata kusan kashi 20 ne cikin 100 na ma'aikata, ana biyansu ƙasa da maza a kan aiki iri ɗaya, ana jinkirta masu ƙarin girma. Ta ce akwai maza masu shan giya a ofis su riƙa bin teburan mata suna damunsu. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ƙarar ta ce ma'aikatan ofishin karɓar koke suna da kusanci da waɗanda ake ƙara, ba a riƙe sirrin mai kuka, kuma wadda ta yi magana ita ce ake canja wa wurin aiki ko a sa sunanta cikin waɗanda za a sallama.

Kamfanin ya fara da cewa an murguɗa gaskiya ne, akwai ƙarya a ciki. Wannan amsa ta fusata ma'aikatansa, sama da mutum 2,000 suka sa hannu a wata wasiƙa ta nuna rashin yarda, ranar 28 ga Yuli kuma suka ajiye aiki. Cikin mako guda shugaban ɓangaren Blizzard, J. Allen Brack, ya sauka. Aka naɗa mutum biyu su riƙe wurin tare, namiji da mace, don a nuna wa duniya an gyara. Bayan wata uku matar, Jen Oneal, ta ajiye muƙamin, sai ga jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin cewa ita ma ƙasa da abokin aikin nata ake biyanta. Ka ji fa, a tsakiyar rigimar rashin daidaita albashi! Jaridar ta kuma ce babban shugaban kamfanin, Bobby Kotick, ya daɗe da sanin wasu zarge-zargen bai sanar da majalisar daraktoci ba. Shi ya musanta, majalisar ta ce tana bayansa, ya ci gaba da zama a kujerarsa har ƙarshen 2023, bayan kamfanin Microsoft ya saye Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69.

Yanzu bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Kamfanin ya daidaita da hukumar tarayya mai kula da daidaito wajen ɗaukar aiki a kan dala miliyan 18. A watan Fabrairu na 2023 ya biya hukumar kula da kasuwar hannun jari dala miliyan 35, saboda ba shi da tsarin tattara koke-koken ma'aikata yadda zai san abin da ya kamata ya faɗa wa masu jari, kuma yana sa masu barin aiki su yi alkawarin sanar da shi idan hukuma ta nemi bayani daga gare su. A watan Disamba na 2023 ya daidaita da Kaliforniya a kan kusan dala miliyan 54. Idan ka haɗa, miliyan 107 ke nan. In ka raba cinikin 2021 da kwanakin shekara, za ka ga kamfanin na samun kusan dala miliyan 24 a kullum. Wato duk tarar nan ba ta kai cinikin kwana biyar ba. Abin da aka lissafa wa Kotick shi kaɗai na albashi da hannun jari a shekarar 2020 ya kai kusan dala miliyan 155, ya fi tarar gaba ɗaya. Don Allah, mai shagon da za a ci shi tarar cinikin kwana biyar bayan shekaru ana jan shari'a, wane tsoro zai ji? Cikin kuɗin ɗawainiya zai rubuta ta, kamar kuɗin mota da na dako.

Adalci ya sa dole in faɗi wani abu a nan. A cikin takardar sulhun 2023, hukumar Kaliforniya ta janye zargin cin zarafin mata, ta kuma amince cewa babu kotu ko wani bincike mai zaman kansa da ya tabbatar da cewa abin ya zama ruwan dare a kamfanin. Kuɗin da aka biya a kan maganar albashi da ƙarin girma ne. Masu kare kamfanin suna riƙe da wannan suna cewa an ɓata masa suna a banza. Ni kuwa abin da na gani shi ne illar sulhun bayan fage ga kowane ɓangare. Idan ƙazafi aka yi, waɗanda aka zarga ba su sami alƙalin da ya wanke su ba. Idan kuwa gaskiya ce, matan ba su sami ranar da za su tsaya su ba da shaida a gaban jama'a ba. An rufe tukunya ba a san ko ta nuna ba.

Na uku, wanda na bari a ƙarshe don shi ne ya bi wata hanya dabam, shi ne Ubisoft na ƙasar Faransa, masu wasan Assassin's Creed. 'Yan'uwa biyar na gidan Guillemot ne suka kafa shi a 1986, kuma asalin sana'ar gidansu sayar wa manoma kayan aiki ce. A tsakiyar 2020 ma'aikata suka fara fitowa suna ba da labarin abin da ake yi masu, jaridar Libération ta bi diddigi ta buga. Cikin 'yan makonni Serge Hascoët, wanda shi ke da ta cewa a kan kowane wasa da kamfanin zai fitar, ya ajiye aiki. Shugabar ofishin kula da ma'aikata ita ma ta sauka daga muƙaminta. Da kamfanin ya tambayi ma'aikatansa, kusan mutum 14,000 suka amsa, ɗaya cikin huɗu ya ce an yi masa abin da bai dace ba a wurin aiki ko kuma ya gani ana yi wa wani. Ɗaya cikin huɗu fa! Gonar da kashi ɗaya cikin huɗu ya zama ƙuduji, ai ba a dare ɗaya ya fito ba, kuma mai gonar ba zai ce bai taɓa gani ba.

Da a ce an tsaya a kan sauka daga muƙami, da maganar ta bi ruwa. Amma wata ƙungiyar ƙwadago mai suna Solidaires Informatique ta haɗu da waɗanda abin ya shafa suka kai ƙara a 2021. 'Yan sanda suka yi bincike, a 2023 suka tsare wasu tsofaffin shugabanni don yi masu tambayoyi, a watan Yuni na 2025 aka gurfanar da mutum uku a kotun Bobigny kusa da birnin Faris. A nan ne shaidu suka faɗi abin da suka gani da bakinsu. An ji yadda aka ɗaure wata ma'aikaciya a kan kujera aka tura ta cikin na'urar hawa bene, wai wasa ne. An ji yadda aka sa wata ta tsaya da hannu ƙafa a sama alhali siket ne a jikinta. An ji yadda babban mutum ke mayar da mataimakansa 'yan aiken gida, je ki ɗauko 'yata a makaranta, je ki ƙetara gari ki sayo mini gyaɗa.

Ranar 2 ga Yuli, 2025, kotu ta same su da laifi. Tommy François, wanda laifinsa ya fi nauyi har da yunƙurin taɓa mace da ƙarfi, an yanke masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na shekara uku da tarar yuro 30,000. Hascoët wata 18 da yuro 45,000. Guillaume Patrux wata 12 da yuro 10,000. Babu wanda aka kai gidan yari a cikinsu, kuma kuɗin ba komai ba ne idan aka gwada da miliyoyin Amurka. Duk da haka ni a wurina wannan hukuncin ya fi waccan tarar nauyi, domin sunan mutum aka kira, shi ya tsaya a gaban alƙali, daga aljihunsa aka ce ya biya. Shugaban da ke wani kamfani ya ji wannan labari, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To me ya sa abin ya daɗe haka ba a ji ba? Dalili na farko shi ne so. Yawancin masu wannan aiki tun suna yara suke mafarkin yinsa, ga kuma dubbai a bakin ƙofa suna jiran gurbi. Wanda aka nuna wa cewa alfarma aka yi masa da aka ɗauke shi, da wuya ya ɗaga murya. Shi ya sa ma ake iya sa su aikin da ya wuce ƙima. A 2018 ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Rockstar, Dan Houser, ya ce sun yi makonni suna aikin awa 100 a mako, ko da yake daga baya ya ce shi da wasu manyan marubuta kaɗan yake nufi. Mako gaba ɗayansa awa 168 ne. Ko lokacin shuka, da manomi ke tsere da ruwan sama, rana na faɗuwa yake komawa gida.

Dalili na biyu shi ne da yawa daga cikinsu, musamman masu gwada wasa kafin a kai shi kasuwa, 'yan kwantiragi ne. Ba sai an kore ka ba, ƙin sabunta takarda kawai za a yi. Na uku, kamfani yakan ɗauka cewa wane shi ne mai hannun zinariya, in ya tafi ciniki ya tafi, don haka a lallaɓa shi, ita kuwa mai kuka a ba ta haƙuri ko a ba ta 'yan kuɗi ta sa hannu cewa ba za ta faɗa wa kowa ba. Shi kuma ma'aikacin ofishin koke, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba lallai mugu ne ba, amma shi ma yana da iyali, kuma ya san wanda ke sa hannu a takardar albashinsa.

Abin da ya kawo ɗan sauyi kuwa a fili yake. Ma'aikata sun gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Mayu na 2022 masu gwajin wasa a Raven Software, wani reshe na Activision, suka jefa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago, 19 suka yarda 3 suka ƙi. Ƙaramin adadi ne, amma a 2024 wasu kusan 600 na Activision suka bi sahu, haka ma sama da 500 masu aikin wasan World of Warcraft. A ɓangaren doka, a watan Maris na 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta hana tilasta wa wanda aka ci zarafinsa ta hanyar lalata zuwa sulhun ɗaki a rufe, in ya ga dama ya tafi kotu. Irin sharaɗin nan ne ma'aikatan Riot suka fito a kansa shekara uku kafin nan.

Saboda haka ina kira ga masu ruwa da tsaki a wannan sana'a, da duk mai mutane a ƙarƙashinsa, a raba mai karɓar kuka da aljihun wanda ake kuka da shi. A daina sayen shirun mutane da kuɗi. Idan laifi ya tabbata, hukunci ya hau kan wanda ya aikata da wanda ya gani ya kau da kai, kada a bar shi a kan asusun kamfani kawai. Wanda aka zarga shi ma a ba shi damar kare kansa a fili, don kada a gudu daga wani zalunci a faɗa wani.

Mu ma nan gida akwai abin dubawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fito da yarjejeniya mai lamba 190 a 2019 a kan hana cin zarafi da muzgunawa a wurin aiki, Nijeriya kuma ta rattaba mata hannu a 2022. Ina roƙon wakilanmu da shugabannin ƙwadago su tashi tsaye su ga cewa ba a bar ta a takarda ba. Idan a ƙasashen da ke da lauyoyi da jaridu da hukumomi masu ƙarfi sai da aka shekara biyar daga fallasa zuwa hukunci, kamar yadda aka yi a shari'ar Ubisoft, ina ga yarinyar da ke aiki a wurin da maigida shi ne mai ɗauka, shi ne mai kora, shi ne kuma alƙali?

Ga matasanmu masu sha'awar koyon wannan sana'a, ban ce ku fasa ba, sana'a ce mai kyau kuma akwai abinci a cikinta. Amma duk takardar da aka miƙo maku ku karanta kafin ku sa hannu, ku kuma san 'yan'uwanku ma'aikata tun kafin ranar da za ku buƙace su.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya kuma bi wa duk wanda aka zalunta haƙƙinsa, amin.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
Manomi kuma ɗan tireda.